Da Fillanci Na Shiga Aji Ɗaya

An haife ni a ruga, a ƙasar Darazo ta jihar Bauchi, a shekarar 1980. Har na kai shekara 7 ban san wani harshe ba sai Fillanci. 'Yar Hausar da nake da ita ta ranar kasuwa ce, wadda nake tsinta in na bi Dada, mahaifiyata, tallar nono: nawa, ƙara, albarka, kawo canji. Da ita aka kai ni aji ɗaya.

Shigata boko ma ba da shiri ba ne. Ardo ya aiko cewa kowane gida a ba da yaro ɗaya. Hammana, wato yayana, shi ke bin shanu, ba dama a sake shi, sai aka ce a ba da ni. A 1987 ke nan, saura shekara 2 gwamnati ta kafa hukumar ilimin 'ya'yan makiyaya, saboda haka makarantar cikin gari aka kai ni. Tafiyar kusan awa ɗaya ce a ƙasa, in ratsa gonaki, in tsallake rafi.

Ranar farko malam ya tsaya a kaina ya yi magana. Yanzu na san sunana ya tambaya, amma a lokacin ban san me yake so ba, sai na ce masa "mi nanaay", wato ban ji ba. Aji ya kwashe da dariya. Har yau in na rufe ido ina jin dariyar nan. Daga ranar na kulle bakina. Malam ya rubuta abu a allo, ya nuna da sanda, ya faɗa, yara su amsa da ƙarfi, ni kuwa in riƙa motsa leɓe don kada a gane. In ta kama dole na yi magana, sai in ce "jo" a maimakon zo, in ce "soro" a maimakon tsoro, in ce wa mace "ya tafi", domin a Fillanci kalma ɗaya ce, "o", take ɗaukar mace da namiji. Kowane kuskure da dariyarsa. Yara suka sa mini kurma. A ƙarshen shekara sunana na can ƙasan takarda.

Ban riƙe malamin nan a zuciya ba. Yara sun fi 70 a gabansa, alli guda a hannunsa, kuma shi ma haka aka koya masa. A ganinsa yarinyar da ba ta magana ba ta da komai a ka.

Abin da bai sani ba, da daddare a ruga ni wata yarinya ce daban. Baffana, Allah ya jiƙansa, shi ke biya mana allo a bakin wutar kara. Na riga na gama babbaƙu, ina cikin farfaru. Na san in baƙi ya ɗauki wasali bisa ga yadda zai fita, in ya ɗauki wasali ƙasa ko rufu'a ga yadda zai fita. Baffa yana da wata gafaka cike da takardun waƙoƙin wa'azi na Fillanci da ajami, irin waɗanda aka gada tun zamanin Shehu Usmanu da 'yarsa Nana Asma'u, kuma yakan ɗora yatsana a kan baiti ya ce in haɗa. Ina haɗawa. Wato yarinyar da ake kira kurma da rana ta iya karatu, ba wanda ya tambaye ta ne kawai.

A aji 2 Allah ya kawo mini mafita ta hannun malamin addini, wani mutumin Azare. Wata rana an fita tara ina zaune ni kaɗai a gindin darbejiya, ina rubutu a ƙasa da tsinke. Sunan saniyata nake rubutawa da ajami. Ban ji zuwansa ba sai na ga inuwa. Na yi sauri zan share, ya ce in bari. Ya tsuguna, babban mutum da babbar riga, ya ce, "A waali jam?" Na ɗaga kai na dube shi. Tun da na shiga makarantar nan ban taɓa jin harshenmu a bakin malami ba. Fillancinsa bai wuce na gaisuwa da ciniki ba, amma ya isa.

Ya karɓi tsinken ya rubuta ba da wasali bisa. Na ce "ba". Ya rubuta wasu alamu biyu a gefe, irin na allon aji, ya ce, "Wannan ma ba ne, 'yata. Ga baƙin, ga wasalin. A boko wasali ba ya hawa bisa, gefe yake tsayawa, kuma daga hagu ake tasowa." Ya yi bi, ya yi bu. Sai ya tambaye ni yadda muke kiran saniya, na ce nagge, ya rubuta, ya sa na bi ta gaɓa-gaɓa. Ya rubuta kosam, wato nono. A wurin nan, kafin a kaɗa ƙararrawa, na gane cewa abin da ke allon malam ba zane ba ne da ake haddacewa, farfaru ne ya sake riga. Kalmar farko da na karanta da boko ba ta Hausa ba ce, nagge ce.

Daga nan abin ya tafi. Hausa ta zauna a bakina, Turanci ya zo a aji 4 da nasa wuya, amma na riga na san sirrin, baƙi da wasali ne a ko'ina. Na yi sakandare, na yi kwalejin ilimi a Azare, na fara koyarwa a 2004, aure ya kawo ni garin Bauchi. A kwaleji an karantar da mu tsarin ilimi na ƙasa na 1977, wanda ya ce a koyar da yaro a shekarun farko na firamare da harshen uwa ko harshen da aka fi yi a yankin. An ba mu labarin gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya fara a Ile-Ife a 1970, inda aka koyar da yara da Yarabanci shekara 6 cur, Turanci yana matsayin darasi, kuma ba su gaza takwarorinsu ba. Na rubuta duk wannan a jarrabawa na ci.

Ga inda labarin yake yi mini nauyi. Fiye da shekara 10 na yi ina koyarwa kamar yadda aka koyar da ni a aji ɗaya. In rubuta, in nuna da sanda, su amsa. Fillancina kuwa na ninke shi na ajiye a gida, abokan aikina da yawa ba su ma san ina ji ba. Hausa ta zama harshena, da ita nake mafarki, da ita nake yi wa 'ya'yana faɗa. Tun da da Hausa muke koyarwa, sai na ɗauka mun cika umarnin harshen uwa. Ban tsaya na tuna cewa ga wasu yara Hausar ma baƙuwa ce ba, ni da na fi kowa sanin haka.

Wajen 2016 aka kira mu horo a kan littattafan Mu Karanta, waɗanda aka kawo makarantun Bauchi da Sakkwato da tallafin hukumar raya ƙasashe ta Amurka. A nan aka nuna mana a fara da sautin harafi kafin sunansa, a haɗa sauti da sauti su ba da gaɓa, gaɓa da gaɓa su ba da kalma. Malami ya yi, a yi tare, sannan yaro ya yi shi kaɗai, kowa da littafinsa, yatsa a ƙarƙashin kalma. Ina zaune ina murmushi, domin wannan ai farfarun Baffa ne. Na dawo aji da ƙarfina, kuma aikin ya yi kyau. Kafin ƙarshen zango na biyu yawancin yarana suna karanta gajerun jimloli da kansu, abin da ban taɓa gani ba a aji 2.

Amma akwai 'yan bencin baya. Cikin yara 94 da ke rajistata, wajen 15 ba su motsa ba. Wani dare na baje rajistar a tabarma ina bin sunayensu ɗaya-ɗaya, sai gabana ya faɗi. In ban da biyu ko uku, duk yaran da ba Hausa ake yi a gidajensu ba ne. Akwai 'ya'yan rugagen bayan gari, akwai 'ya'yan waɗanda rikici ya koro daga Borno da Yobe tun 2014.

Cikinsu akwai wata yarinya 'yar Bama, garin da ya faɗa hannun 'yan Boko Haram a watan Satumba na 2014. Ta zo da kakarta ta hanyar Maiduguri. Shekarunta za su kai 9, ta girmi 'yan ajin, kullum tana lungu da hijabinta har goshi. A littafina na riga na rubuta a gaban sunanta, "ba ta ganewa". Wata rana na ɗaga hoton wata mace ɗauke da tulu, na matsa mata sai ta faɗi abin da ta gani. Da ƙyar ta buɗe baki ta ce, "Shi ya ɗauki ruwa." Aji ya kwashe da dariya. Na ga yadda leɓenta suka haɗe, na ga yadda ta sunkuyar da kai, jikina ya mutu. Ban iya ƙarasa darasin ba. Na sa su rubutu na fita bayan aji na yi kuka, domin na san wannan dariyar, kuma a wannan karon ni ce malamin da ke tsaye da sanda.

Ranar Asabar na nemi gidansu. Ɗaki ɗaya ne a wani gidan haya, na sami tsohuwar tana tsince wake. Na durƙusa na ce, "Sannu da gida, Kaka." Wata maƙwabciyarsu mai jin Barbarci da Hausa ta zauna tsakaninmu. A ranar na koyi abin da kwaleji ba ta koya mini ba. A Barbarci "shi" na mace da namiji ne duka, saboda haka yarinyar ba shirme ta yi ba, ƙa'idar harshenta ta bi. Kuma ba su da ɓ, ba su da ɗ, ba su da ƙ. A kunnenta baki da baƙi abu ɗaya ne, doki da ɗoki abu ɗaya ne, kara da ƙara abu ɗaya ne. Ni kuwa ina ta nuna mata ƙugiya a kan harafi ina mamakin me ya hana ta ji. Maƙwabciyar ta ce ai a gida ba ta rufe baki, ita ke tara ƙananan yaran gidan tana ba su labari da daddare.

Da zan tafi tsohuwar ta riƙe hannuna ta yi magana mai tsawo. Aka fassara mini: "Malama, yarinyar nan ta ga abin da babba ma bai kamata ya gani ba. In ta yi shiru ki ƙyale ta. Amma ina roƙonki, kada ki bari a riƙa yi mata dariya." Na ce, "In Allah ya yarda, Kaka, an gama."

Ba ni da littafin Barbarci, ba ni da na Fillanci, ba ni da kuɗin saye. Abin da nake da shi kwalayen taliya ne daga shagon maƙwabcinmu. Na yanka su, na zana hoto a kowanne, na bar fili a ƙasa. Ranar Litinin na ɗaga hoton ruwa, na rubuta ruwa, sannan na ce, "A gidanmu, inda aka haife ni, ndiyam muke cewa." Ajin ya yi tsit. Wani yaro ɗan ruga da bai taɓa haɗa ido da ni ba ya ɗago kai kamar an kira sunansa. Na ce kowa ya faɗa. 'Ya'yan Hausawa suka ce "indiyam", na ce a'a, ku saurari mai abin, na kira yaron ya fito ya gyara musu. Ya faɗa sau uku, suna biye da shi.

Sai na juya wajen 'yar Bama na ce, "Ku fa, yaya kuke cewa?" Ta daɗe. Can ta ce, "Nji." Na rubuta, na ce aji ya maimaita. Suka ce "inji", wani ya ce injin niƙa, aka yi dariya, amma wannan karon har da ita, tana rufe baki da gefen hijabi, domin su ne suka kasa. Ta sake faɗa musu a hankali. Ranar ce yaran ajina suka gane cewa kowane harshe yana da inda yake kayar da baƙo, har da su.

Kwalayen suka yi ta ƙaruwa a bango. Saniya, nagge, fe. Doki, puccu, fər, da harafin nan na Barbarci mai kama da e a kife, wanda wani malami Babarbare a wata makaranta ya nuna mini. Minti 10 kawai nake ɗauka kafin darasin littafi, kuma dokar ita ce mai kalma shi ne malami. Ta nan na sami hanyar sautukan da suka gagara. 'Ya'yan Fulani suna da ɓ da ɗ a harshensu, sai na haɗa su da 'ya'yan Barebari su koya musu. Barebari suna da z, sai su rama wa Fulani, har "jo" ta koma zo. Ƙ da ts kuwa na Hausawa ne, su ke sa 'yan'uwansu su dafa maƙogwaro su ji yadda yake ɗagawa in an ce ƙafa, ya zauna in an ce kafa. Ban ƙara cewa yaro ya yi kuskure ba a irin wannan, sai in ce, "A harshenku haka ne, a Hausa ga yadda yake."

Da na fara tambaya sai abubuwa suka yi ta fitowa. Akwai 'ya'yan Sayawa guda uku, iyayensu daga wajen Bogoro da Tafawa Ɓalewa. Hausarsu ras, shi ya sa ban taɓa kula da su ba. Ashe sun saba ganin Hausar boko a littafin waƙoƙi na coci tun kafin su zo makaranta, ɗaya ma tana iya bin layi da yatsa tana rerawa. Wannan jari ne da na shekara ina takawa ban gani ba. Yaron nan ɗan ruga, wanda ake cewa bai san komai ba, ya tsaya a gaban aji ya lissafa sunayen shanu ta launinsu da ƙahonsu har yara suka saki baki. Na ce kowa ya je ya karɓo labari wajen kakarsa ko innarsa, ya faɗa da harshen da ya ga dama, mu mayar da shi Hausa tare. Ina rubuta su da gajerun jimloli a kwali, in rataye. Aka sami labarin mashayar shanu da rani, aka sami na kamun kifi a tafkin Chadi, aka sami na tuwon Kirsimeti da na hawan salla. Na lura yaro ya fi naci a kan kwalin da labarin gidansu ke kai, ko da kalmominsa sun fi wuya.

Ba kowa ya so abin ba. Hedimasta ya kira ni ya ce, "Malama, jadawali fa bai san da wannan ba." Na roƙe shi ya ba ni zango ɗaya, ya ba ni, Allah ya saka masa. Wanda ya fi tsaya mini a rai mahaifin yaron rugar ne. Ya zo da sandarsa a kafaɗa, muka gaisa da Fillanci, ya ce, "Malama, na kawo shi ya koyi boko ne. Fillanci ai akwai shi a gida." Ban ga laifinsa ba. Mutum ne da ya sha wuya a asibiti da kotu da tasha saboda rashin Hausa da Turanci, ba ya so ɗansa ya gaji wannan. Na kira yaron na miƙa masa littafin Hausa, ya karanta wa babansa layi uku. Na ce, "Baffa, ta ƙofar nagge ya shigo, amma ga inda ya kai. Ni ma ta nan na shigo." Ya yi shiru yana kallon ɗansa, sannan ya ce Allah ya yi albarka.

Ba zan ce duka 15 ɗin sun iya ba. Wasu damina ta ɗauke su, wasu talla, wasu iyayensu suka tashi da shanu zuwa kudu ba su dawo ba. Ni ma na yi kurakurai, na rubuta kalmomin Barbarci ba daidai ba har sai da aka gyara mini, kuma akwai shekarar da harsuna 7 suka haɗu a ajina, ban iya bi wa kowa haƙƙinsa ba. Manya kuma suna ta muhawara a sama. A ƙarshen 2022 aka amince a koyar da harshen uwa har aji 6, a ƙarshen 2025 aka sanar da komawa Turanci. Na san iyaye suna son Turanci, ni ma ina so wa 'ya'yana. Abin da na gani da idona dai shi ne, sau ɗaya yaro yake koyon yadda baƙi da wasali ke zama magana, kuma ya fi saurin kama shi a harshen da yake ji. In ya kama, yana ɗauke da shi zuwa duk harshen da ya shiga. Ni daga ajami na kawo shi Hausa, daga Hausa na kai shi Turanci.

'Yar Bama ta fara karatu a zango na uku. Ba rana ɗaya abin ya zo ba, gaɓa-gaɓa ya zo, kamar yadda ya zo mini. Ranar da ba zan manta ba ita ce da na ce kowa ya rubuta jimla ɗaya daga kansa. Ta kawo mini littafinta ta ajiye ta koma da sauri. Ta rubuta, "Kaka ta sha nji." Na daɗe ina kallon layin nan. Ta sa "ta" a inda ya dace, ta kuma riƙe ruwanta da sunan da ta san shi. Ban sa jan biro a kai ba. Na kira ta na ce ta karanta wa aji, ta karanta da murya a sama, kuma babu yaron da bai san ma'anar nji ba.

A 2018, da aka fara mayar da mutanen Bama garinsu, suka tafi. Kakar ta aiko mini da turaren wuta a ƙullin leda. Na ba yarinyar kwalaye uku daga bango, na sake yin wasu.

Har yanzu ina aji 2. Wannan zangon an kawo mini wani yaro daga ƙasar Ningi, sati 3 ke nan bai ce uffan ba. Shekaranjiya da aka fita tara na tsuguna kusa da shi da kwalin ruwa, na karanta masa ruwa, ndiyam, nji, na tambaye shi nasu. Ya raɗa mini wata kalma da ban taɓa ji ba. Na rubuta ta da fensir yadda kunnena ya ji, ban bi ta da tawada ba tukuna. Ranar Asabar zan je wajen mahaifiyarsa ta faɗa mini da bakinta.